Tafin da Na Yi Ni Kaɗai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafa ni kaɗai a gaban ɗalibaina ba. Lokacin ina sabon zuwa wata sakandare a Faskari, ina koyar da Turanci, kaina a kumbure don na je bita Katsina an nuna mana wata manhajar intanet mai koya wa yara rubuta sakin layi. Akwatuna take jero maka: jimlar buɗewa, hujjoji uku, sai jimlar rufewa. In ka bar gurbi ta yi ja, in ka cike ta watso taurari ta yi tafi. Ni kuma (Allah ya yafe mini) na kafa doka: in na'ura ta tafa, kowa ya tafa.

Akwai wani yaro Habu, ya fi kowa kai amma ba ya magana. A gidan kawunsa yake zaune, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Sai na ji kawun zai cire shi ya kai shi Funtua koyon gyaran babur. Na wanke ƙafa har gida, na yi ta zuba, wai boko ya canza, ya zo ya gani da idonsa. Dattijon ya ce, "To Malam, in na ga abin kirki, na bar maka shi."

Ranar da zai zo na aro majigi mai haska rubutu a bango, na sha babbar riga, na zaunar da Alhaji, kawun nasa, a gaba. Na kira Habu wajen kwamfuta, na zaɓar masa take mai sauƙi: Gonarmu. Wane ɗan ƙauye ne zai rasa abin faɗa a kan gona?

Ya rubuta cewa ba sa zuwa gona yanzu, ya tsaya. Akwatuna suka yi ja a jikin bango.

"Hujja uku take jira," na ce. Don in ba mutane dariya na ƙara da, "Ko lalaci ne hujjar? Kana kwance Baba na fama da fartanya?" Ba wanda ya dara. Wata yarinya ta ce a hankali, "Malam, a canza mashi wani." Na daka mata tsawa.

Da ya fara latsawa da yatsa ɗaya, sai na juya wa bango baya, na shiga yi wa Alhaji bayanin yadda yaran Turai ke karatu (ni da ko Abuja ban taɓa kwana ba). Can na ji na'ura ta ɓarke da tafi. Na tafa raf-raf-raf, har da "Madalla Habu!" Sai na lura hannuna kaɗai ke ƙara. Yara sun sunkuyar da kai.

Alhaji bai yi boko ba. Ya ce, "Malam, mi ya rubuta da ka ji daɗi haka? Karanta mani."

Na waiwaya. Ga shi a bango, taurari na zuba a kai. 'Yan bindiga sun same mu muna noma. Sun harbi babana. Ni ina cikin dawa ina kallo. Shi ya sa ba ma zuwa gona.

Na ji ina ma ƙasa ta tsage. Habu ne ya cece ni, ya ce, "Kawu, ranar Baba ce."

Dattijon ya miƙe, ya kama hannun yaron. "Tun ranar nan ba wanda ya ƙara tada mashi zancen a gida. Ashe tafi ka kira ni in yi."

Na je ban haƙuri, ya karɓe ni da mutunci, amma Habu bai dawo ba. Bara na gan shi a Funtua, baƙi ƙirin da mai. Ya ajiye sifana ya durƙusa ya gaishe ni, wannan ya fi zagi ciwo.

Har yau ina koyarwa da manhajar, sai dai ba na ba yaro take sai na san gidansu. Tafin na'urar kuwa tuni na kashe shi. Nawa ne har yanzu ban gano inda ake kashewa ba.