Rasuwar Tirayagen, Alƙaliyar Shagon Barikisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ban saba nuna shi a gaban jama'a ba, ni Hajiya Barikisu mai ɗinki ta unguwar Maamobi nake sanar da rasuwar kwamfutar hannu ta shagonmu, wadda unguwa ta sani da Tirayagen. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin yanka, tana bakin aiki.

Wata ƙungiya ce ta kawo mana ita don auna ci gaban masu koyon ɗinki. A nuna mata riga, ta ɗauki hoto, ta yi jim, sannan ta yanke hukunci. In aiki ya yi, ta nuna kore ta ce "tin". In bai yi ba, ta nuna ja ta ce "tirai agen", wato a sake. Nan ta samo sunanta, don "tin" ɗin ba kasafai muke jin sa ba.

Marigayiya ba ta san 'yar wane ba. Ba ta cin goro, ba a sayen ta da ƙunshin shinkafa da wake. Ta ba jikar limami ja. Ta ba ni ja, na farke wuyan rigar na sake, kuma ita ce da gaskiya. Ta taɓa ba labulen shago ja, har da kyanwar maƙwabta. Mutanen yanzu masu cewa ya yi kyau ga kowane karkataccen hannun riga, su ji kunya.

Ciwon ya faro ne daga yawan ɗauke wuta. Cikinta ya kumbura, jikinta ya riƙa zafi kamar dutsen guga. Muka kai ta kasuwar Sakul wajen masu gyara, suka buɗe ta, suka rufe, suka ba mu haƙuri. Ta kwana cikin buhun shinkafa bisa shawarar Memuna mai koko, ko da yake ba ruwa ta faɗa ba.

Ta bar caja ɗaya ɗaure da roba, da jakar da na ɗinka mata, da masu koyo huɗu. Cikinsu akwai Samiratu, wadda kore ɗaya ya rage mata ta samu firidom, wato a yaye ta ta buɗe shagon kanta. Danginta sun riga sun kama hayar kanofi, wato rumfar biki, sun saya mata keken ɗinki. Ranar Talatar ta ɗaga rigar gwajinta ta ƙarshe. Marigayiya ta duba, ta ce "ti", sai fuskarta ta yi baƙi.

Shago ya rabu biyu, wasu na cewa "tin" ta ɗauko, wasu "tirai". Muka kai maganar gaban Malam Mutala, malamin unguwa. Ya ce ko saki ne, in miji ya ce "na sa" ya faɗi ya mutu, takaba matar za ta yi. Rabin kalma ba hukunci ba ne, don haka magana ta dawo hannun magajiya, wato ni. Na juya rigar, na bi kowane ɗinki da farce ina neman abin faɗa. Ban iya yabo ba, amma ban samu aibi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar shago. Babu wanka. 'Yan kondem masu sayen tsofaffin ƙarafa ne za su ɗauki gawar a amalanke. Da zarar sun sha kwana, a ƙarƙashin kanofin za a yaye Samiratu. Mai zuwa ya zo da farar hoda ya zuba mata a ka, kamar yadda aka saba. Mai niyyar kuka ya tsaya nesa da yadudduka.