Rasuwar Siririya a Bayan Ƙofar Sito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun dama da ya koma fayau, ake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Siririya, wuƙar aljihun kafintan nan mai sa ƙofofi, wanda aka fi sani da Bari-Na-Gwada. Ta rasu ranar Asabar da rana, a bakin aiki, cikin wani sito mara taga a saman bene, bayan gajeriyar jinya. Babu kowa a kanta sai mai ita, kuma shi ne ya yi ajalinta. Ya ce a rubuta haka, kada a ɓoye.

Duk wanda ya san Kafinta tun yana saurayi ya san wahalar da ya sha kafin Allah ya haɗa shi da marigayiya. Ya riƙe wata ƙatuwa mai ƙotar ƙarfe, ta huda masa aljihu ta sulale ta ƙafar wando a gaban jama'a. Ya riƙe wata mai ƙyalli wadda ko igiyar leda ba ta yankewa sai an lallashe ta. Wata kuma ta buɗe kanta yana bisa babur, tabon na nan a cinyarsa. Har ya fitar da rai, sai ya ci karo da Siririya a tiren wani tsoho mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Ƙotarta ta baƙin katako ce, tsawonta bai wuce yatsansa na tsakiya ba. Ya buɗe ta, ta ce ƙyas. Ya rufe, ta ce ƙwas. Ya jefa ta aljihu, kafin ya kai bakin titi ya manta tana ciki. A nan ya san ya dace.

Marigayiya ta kasance mai kunya da kawaici. Ba ta taɓa yin tsatsa ba, ba ta taɓa cizon mai ita ba. Ta fere fensir, ta ja layi a katako, ta ɓare wa yara lemo, ta cire masa sartse ba tare da ta yi masa gori ba. Doka ɗaya ya kafa a kanta: ba a ɓamɓara da ita, ba a murɗa da ita. Ƙanin matarsa ya taɓa buɗe gwangwanin fenti da ita, aka daɗe ba sa ga maciji. Har yau in an haɗu sai Kafinta ya tuna masa, “Wuƙa ce fa, ba sukundireba ba.”

Ga yadda ciwon ajali ya same ta. Matar Kafinta na da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Haihuwarta ta baya ta same shi a kan tsani a gidan wani, ta kafin ta kuma yana kasuwar katako, saboda haka ya rantse wannan karon shi zai kai ta asibiti da kansa. Ran nan da safe ta dafa ƙugu ta ce, “Abban yara, bayana ya riƙe, kada ka yi nisa.” Ya ce, “Ƙofa ɗaya ta rage min, Maman yara. Yanzu za ki gan ni.”

To, Kafinta ba ya yarda da ƙofa sai ya shiga ɗakin ya rufe ta, ya tsaya a duhu ya duba zaren hasken da ke kewaye da ita. In hasken ya yi daidai sama da ƙasa, ƙofa ta zauna. Da yake a lokacin ba a sa wa ƙofar hannu ba tukuna, yakan cusa ɗan kwali a ramin makulli don kada harshen ya kama. Ran nan hankalinsa na gida, ya manta da kwalin. Ya shiga sito, ya sa yatsa ya jawo ƙofa.

Ƙat.

Hasken ya yi daidai, wannan kam ya lura. Sai daga baya ya lura da sauran. Hannun ƙofar na waje, bisa akwatin kayan aiki, tare da sukundireba da guduma da makullin babur da waya. Hinjin da ke riƙe da ƙofar ma ta waje suke. Ginin sabo ne, babu wanda ya tare, masu fenti sun tashi da wuri, mai gadi kuma na can bakin get ya manna rediyo a kunnensa mai ji. Kafinta ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Ya daki ƙofa da kafaɗa, ta mayar da shi baya ya zauna a ƙasa. Shi ya haɗa ta da katako mai kauri, kuma wannan ne karo na farko da ya ji haushin ingancin aikinsa.

Sai waya ta fara ƙara. Kiɗan da ya sa wa matarsa ne. Tana katsewa ta sake ɗauka, tana katsewa ta sake. Wayar ta yi ta rawa a kan akwati har ta faɗo ƙasa, ya kwanta rub da ciki yana kallon haskenta ta ƙarƙashin ƙofa, yatsunsa ba sa kai wa. Iskar siton ta yi nauyi, warin fenti da siminti ya cika masa ƙirji. Can kiɗan ya sauya. Surukarsa ce, matar da ba ta kiransa sai abu ya ɓaci.

Abin da ake bukata kaɗan ne: wani ƙarfe da zai shiga ramin hannun ƙofa mai kusurwa huɗu ya murɗa harshen makulli. Ya gwada fensir, ya karye. Ya gwada ƙarfen bel ɗinsa, ya lanƙwashe. Duk wannan lokacin Siririya na kwance a aljihu, yana jin ta a cinyarsa, yana yi kamar bai sani ba. Ya ce ya kai hannu ya janye ya fi a ƙirga. Da wayar ta yi shiru gaba ɗaya, shirun ya fi ƙarar ba shi tsoro, sai ya fito da ita.

Ta ce ƙyas, kamar kullum, ba ta san me ake ciki ba.

Ya zura ta a rami ya murɗa a hankali. Tsininta ya ɓalle, ya ji ya faɗa cikin ƙofa. Da ya tsaya a nan da ta rayu, ko da gurguwa. Amma ya shafa bakin da ya rage ya ji ya fi faɗi, ya cika ramin daidai. Ya runtse ido ya murɗa da hannu biyu. Harshen makulli ya ja baya, ruwan wuƙar ya ce ɓas daga gindi, ƙofa ta buɗe. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Ya tarar da gida a kulle. Maƙwabcinsa mai tasi ne ya kai matar asibiti. Ko da ya isa asibiti, kaca-kaca da ƙura, wando na zamewa don babu bel, an riga an goge jaririya an naɗe ta, mace, lafiya lau. Surukarsa ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, “Sannu da zuwa, mai ƙofa ɗaya.” Sai ya buɗe tafin hannu ya nuna gawar marigayiya gida biyu. Matarsa ta ɗaga kai daga filo da ƙyar ta ce, “Ni ka zo dubawa, ko ta'aziyya ka zo in yi maka?”

Marigayiya ta rasu ta bar dutsen washi ɗaya, wanda tun ranar bai ga ruwa ba, da fensira masu yawa da ba su da mai fere su, da tsininta da ke cikin ƙofar sito har abada. Ta kuma bar Kafinta, wanda aka hana shi fita ko nan da bakin titi sai yadda hali ya yi.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su kawo wata wuƙa, domin an riga an naɗa magajiya. Tun tana gadon asibiti matarsa ta aiki ƙaninta, wannan dai na gwangwanin fenti, ya sayo wata jibgegiya ja mai baki barkatai, da almakashi da filaya da sukundireba iri biyu. Ta miƙa masa a gaban uwarta ta ce, “Ga ta nan, kullum a aljihunka. In ka sake makalewa sai mu ji da wane baki za ka yi bayani.” Tana ja masa wando gefe guda, tana buga masa cinya in yana tafiya, kuma ba shi da halin ajiye ta. Allah ya ba shi haƙuri.

Za a karɓi gaisuwa a falo, da murya ƙasa-ƙasa, bayan an fara shiga an ga jaririya. Duk wanda ya ambaci marigayiya a kunnen mai jego, shi da abin da ya same shi. Za a yi jana'iza a bayan gida, ƙarƙashin igiyar shanya, da zarar jaririya ta yi barci an karɓe ta daga hannunsa. Ya haɗa ɗan akwati da ragowar katakon ƙofar, murfinsa da sukurori za a ɗaure, kuma da magajiya za a ɗaure su. Ya gwada ta jiya a ɓoye. Ta ɗaura tsaf, bai kuma yafe mata ba.