Rasuwar Rikodar Malamar Faransanci

Cikin jimami da nauyin zuciya, Tsohuwa, mahaifiyar malamar Faransanci, tana sanar da dangi da maƙwabta rasuwar rikodar 'yarta, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aji, da kaset a bakinta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana aiki, Tsohuwa ta ƙirga.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Jimla ɗaya a mayar da ita baya sau goma, za ta yi "ƙyat", ta yi "wirrr", ta sake faɗa, ba tsaki ba harara. Ba ta taɓa tambayar kowa lambar sirri ba. Babban halinta kuwa, ba ta kunyata malama a gaban yara. Ko ta ƙi tashi, mari ɗaya a ƙeya ya ishe ta, ta ci gaba kamar ba a yi ba. Albarkacinta har Tsohuwa, da ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta iya tambayar hanyar tashar jirgi da Faransanci. Amsar ce dai ba za ta gane ba.

Ciwon ya faro bara da jan murya. Baturen cikin kaset ya koma magana kamar wanda aka tasa daga barci, yara kuwa abin da suka ji shi suke maimaitawa. Aji biyu cur haka suke gaisuwa yanzu, har mai duba makarantu ya tambaya ko mura ake yi. Sau uku aka kai ta wurin mai gyara. Na ƙarshe ya buɗe cikinta, ya rufe, ya ce a koma gida a ci gaba da lallaɓawa.

Ta bar kaset goma sha tara, da biron da ake naɗe musu zare da shi, da malama, wadda tun Talata take karanta darasi da bakinta har murya ta dishe. Ta kuma bar magajiya, kwamfutar da makaranta ta ba malama shekara biyu da suka wuce. Sau ɗaya aka kunna ta. Malama ta danna inda bai kamata ba, fuskarta ta fito ƙatuwa a bangon aji, baki buɗe, yara suka kwashe da dariya. Tun ranar take cewa kwamfuta ba ta dace da koyar da harshe ba. Tsohuwa ita ta haife ta, ta san tsoro in ta gan shi. Ta ce mata wadda kullum ke tsare 'ya'yan mutane su buɗe baki ko da za su yi kuskure, ba ta da bakin gudun nata kuskuren. Malama ta kau da kai, ta ce ranar da rikodar ta mutu za ta kunna. To, ta mutu, Tsohuwa kuwa ba ta yafe alkawari.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ɗakin malama. A kwalin kwamfutar za a sa gawar. Tsohuwa ta gwada da igiya, daidai yake cif, sai dai a fito da ta ciki tukuna. Masu ta'aziyya su zo da shirin zama, ba mai tashi sai malama ta danna kwamfutar da yatsanta. Wanda dariya ta kama ya yi abarsa, a gida ake.