Lauyan Banki Ya Taya Ni Murna

Wallahi na gaji da ba da labarin nan, amma ga shi.

Lokacin banki na shirin ƙwace gidanmu na Badariya kan bashin noman shinkafa. Sai Baba ya lallaɓa ya sayi ɗan gida a Argungu da sunana, don in an kore mu mu sami mafaka. Ya ce, "Kai, wanga zance ya tsaya cikin gida."

Na ce, "Haba Baba, ni fa ɗan jami'a ne."

Ko awa ba a yi ba na ɗau hoto a ƙofar sabon gidan, makulli a hannu, na ɗora a sitatus ɗin wayata: "Ƙaramin lanlod, mun wuce ajin haya." Gayu na ta yabo, ni kuma kai ya kumbura.

Wani ya rubuto, "Masha Allah, wace unguwa ce?" Ko sunan ban duba ba na tura mai lokeshan, har da "sai ka zo, oga."

Ashe lauyan banki ne. Ni da kaina na ajiye lambarsa, don ni ke tura mai takardun Baba, shi ya sa yake ganin sitatus ɗina.

A kotu aka ɗaga hotona, haƙora duk a waje. Alƙali ya ce ɓoye dukiya ne, ya hana mu taɓa gidan Argungu. Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ɗan jami'a."

Gidan Badariya ya tafi, yanzu haya muke a Gesse. Duk ran da mai gidan ya zo, sai Inna ta leƙo ɗakina: "Lanlod, taso, ga abokin aikinka nan ya iso."