Tsiron Shinkafa a Cikin Bandeji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙaryata ta ƙare a asibiti ba, kuma a gaban surukina.

Ina da ciwon suga, ga gyambo a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ya ce muddin na ci gaba da shiga ruwan shinkafa, yatsan nan sai an yanke. To, lokacin dashe ne a Kura, ruwa ya iso layinmu. Wa zai zauna a gida? Na ɗaura leda a ƙafar na shiga abina.

Ranar komawa asibiti, mijin 'yata ya kai ni a mashin. Na shirya wa kowa nasa labarin. Mu a gona, maƙwabci ba ya gaya maka sa'ad da zai buɗe ruwa, sai na ɗauka ma'aikatan asibiti ma haka suke, kowa da ɗakinsa. Mai awon jini na ce masa tun jiya ban sa komai a baki ba (sandar rake guda na shanye da safe). Likita na rantse masa ko hanyar gona ban kalla ba. Ya ce madalla, in je a wanke ciwon.

Nas ɗin da ta kwance bandejin ta leƙa cikinsa, ta fita. Can sai ga su su huɗu: ita, likita, mai awon jini da takardarsa, da mai ba da magani, wanda ya ce sati biyu ban zo karɓar ƙwayoyina ba. Nas ta ɗago wani ɗan tsiro kore shar.

"Baba, yaushe aka fara dashe a kan gadonka?"

Surukina ya sunkuyar da kai yana ta gyaran hula. Ni kuwa na ce wai iska ce ta kawo shi.

Likita bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, da kowa ya riƙe abin da ya gani, da na sallame ka. Dawowarka ta gaba yanka ne."

Nan take suka sauya magani, aka sa ni zuwa wankin ciwo kullum, surukina ya karɓi dashen.

Yatsana yana nan, nakan duba shi wajen alwala. Yanzu in zan buɗe ruwa sai na leƙa na gaya wa maƙwabci. Ƙarya kuma ban ce na daina ba, amma sai na fara bincika ko mutanen wurin suna magana da juna.