Tafin Oga Mai Jin Maganar Ƙarfe

Matatar manmu ta yi dace da shugaban sashen gyara irin wanda ba a haifa sau biyu. Wasu injiniyoyi sai sun kwance na'ura suke sanin ciwonta. Shi kuwa Oga dafawa kawai yake yi, shi ya sa muke kiransa Tafin Zinariya. Ya ji sunan, ya ce mu daina, amma bai taɓa ƙin amsawa ba.

A matatar akwai jerin manyan tukwanen bututai da ɗanyen mai ke bi ya ɗauki zafi kafin a tace shi. A hankali datti da kwalta suke kama cikin bututan, kamar gindin butar shayi. In aka makara wajen wankewa, aiki ya tsaya cak. Don haka kamfani ya sayo manhajar da ke bin zafin kowace tukunya, tana nuna wadda ta kusa toshewa. Oga ya sa aka ɗora ta a kwamfutarsa shi kaɗai, wai don tsaro.

Kullum da safe sai ya kulle ofis, ya leƙa allo, ya haddace. Sannan ya fito da farar hular kwano da ba ta san ƙura ba, hannu a baya, mu kuma muna biye kamar 'yan rakiya. Ya dafa wannan, ya gyaɗa kai. Ya dafa waccan, ya lumshe ido, ya yi tsaki.

"Wannan tana kuka," in ji shi. "Ku ba ku ji? Kai, ilimi baiwa ne! A buɗe ta."

A buɗe kuwa a tarar da datti cunkus. Mu yi ta salati, shi yana kaɗe tafi a hankali kada baiwar ta zube.

A gida ne kawai tafin ke hutun aiki. Ranar da autarsa ta kwana da zazzaɓi, ya dafa goshinta ya ce garau take. Matarsa ta ce, "Baban yara, ko sai na lulluɓe ta da kwano za ka ji?"

Burin Oga ɗaya ne, kujerar mataimakin darakta da ta zama babu kowa. Da babban darakta ya kawo ziyara, Oga ya yi wasan da bai taɓa yi ba, har da kara kunne. Aka buɗe tukunyar da ya nuna, ga datti. Darakta ya riƙe baki, sannan ya tambaya ko manhajar nan tana taimakawa.

Oga ya yi dariyar manya. "Ranka ya daɗe, abin wasan yara ce. Ni ko buɗe ta ba na yi. Kwamfuta lissafi ta sani, ni kuwa ƙarfe da bakinsa yake gaya mini damuwarsa."

"Madalla!" in ji darakta. "Dama ana ta damuna a biya kuɗin sabunta ta. A rufe ta yau. Ka riƙe mana matatar da tafinka zuwa ƙarshen shekara, kujera taka ce. In tukunya ɗaya ta toshe ba ka faɗa ba, to ka san hanyar ƙofa."

Muka tafa. Wallahi har da ni, kuma ban taɓa tafi da zuciya ɗaya haka ba.

Washegari Oga ya daɗe a ofis fiye da kullum. Ya fito hular a karkace, gumi har wuya. Muka jeru da sifanun kwance ƙarfe a hannu, darakta ma ya tsaya kallo. Oga ya dafa tukunyar farko, ya lumshe ido, ya kara kunne, ya sauya hannu. Ƙarfe dai bai ce uffan ba.

"Yaya, me ta ce?" in ji darakta.

Tafin Zinariya ya buɗe ido, ya gyara murya, ya sanar da mu sakamakon bincikensa.

"Ranka ya daɗe, akwai zafi."