Ranar Da Liman Ya Sa Wa Kalmar Sirrina Wasali

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka raɗa sunan jikan surukina ba, kuma ko da na so in manta, dattawan Ƙofar Atiku ba za su bari ba.

Ni mutumin allo ne. Na iya Ajami tun kafin in san akwai wani rubutu da ke tafiya daga hagu, boko kuwa sai da na girma na tsince shi. Son buga tsofaffin waƙoƙin wa'azi na kakana a kwamfuta shi ya kai ni ga Linuks, wato tsarin nan na kyauta da kowa ke da ikon buɗe cikinsa ya gyara. Na sha wuya a kansa, amma na samu yadda nake so. Har na sayi allon maɓallai na daban, na bi kowane maɓalli na liƙa masa baƙin Ajami a kan na bokon. Ba na bugu da ka, sai na duba sannan in danna, da yatsu biyu, a natse. Daga nan kuma na kamu da cutar da ke kama duk mai Linuks: ba na ganin kwamfutar mutum ban yi masa wa'azi ba.

Cikin waɗanda wa'azina ya ci har da surukina, mahaifin mai ɗakina, Alhaji, babban dillalin shanu a kara. Tsakanina da shi kunya ce irin ta da. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. Ɗansa da ke kasuwanci a Kumasi ya aiko masa da wata tsohuwar kwamfuta don su riƙa ganin juna in suna magana, to amma ta tsufa, kafin ta buɗe sai ka yi alwala ka dawo. Na ce a ba ni in sa mata Linuks.

Ranar da na je aikin, bayan Azahar ne. Na jona allon maɓallaina, ina ta fama, Alhaji kuwa ya ci tuwo ya kishingiɗa a kujera gabana, barci ya kwashe shi. Alhaji mutum ne da Allah Ya yi wa yalwar ciki. Carbinsa na kwance a bisa, in ya ja numfashi carbin ya hau, in ya sauke ya gangaro. Ina cikin kallon wannan ikon Allah sai na'ura ta ce in zaɓi kalmar sirri ta mai gida, wadda ba a taɓa cikin tsarin sai da ita. Masana sun ce a zaɓi abin da ba wanda zai yi tsammani. Na sake ɗaga kai na dubi abin da ke gabana, Shaiɗan ya matso, na buga kalmomi biyu da Ajami, babu wasali. (Na yi istigfari nan take, amma ban goge ba. Ku lura da wannan irin tuba.)

Daga baya na gano wani abu. Lokacin da nake bugawa, na'urar tana kan boko ne, ba a juya ta zuwa Ajami ba, kuma da yake kalmar sirri ba ta bayyana a fuska, ban lura ba. Ashe abin da ta adana shi ne haruffan bokon da ke ƙarƙashin baƙaƙen da na liƙa, wani tarkace marar ma'ana. Sai ma na ji daɗi. Na ce sirri a cikin sirri ke nan. Duk ran da gyara ya taso sai in zo da allon maɓallaina, in bi baƙaƙena in danna, ƙofa ta buɗe. Alhaji kuwa na shirya masa yadda da ya kunna za ta kai shi inda yake so, ba ruwansa da wata kalma.

Ana nan sai aka haifa wa ɗan nasa na Kumasi ɗa namiji, kuma an riga an tsegunta cewa sunan Alhaji za a sa. Ƙafa ta hana shi tafiya, saboda haka aka shirya za a jona kwamfuta da talabijin a babban falo, a ga raɗin suna kai tsaye. Alhaji ya gayyato limamin unguwa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da yara babbaƙu da farfaru, ya gayyato abokansa na kara da mahauta, aka shimfiɗa darduma, aka kawo goro da dabino.

Da safe ina gida a Gidan Dahala, ko shayi ban sha ba, sai ga waya.

"Malam, taho maza. Abin ga naka ya kurumce."

Na zura riga na tare ɗan kabu-kabu. Sai da muka yi nisa na tuna jakata tana rataye a ƙusa, da allon maɓallan a ciki, da tabarauna.

Na tarar da falo cike. A talabijin ga mutanen Kumasi sun taru, ga rago a ɗaure, bakin kowa na motsi, amma ko tari ba a ji. An gwada wayar hannu, to kunnen Alhaji ya yi nauyi, muryar waya ba ta isa gare shi. Na durƙusa na gaishe da kowa, na ja kwamfuta. Ashe da daddare ta sabunta kanta, sabuwar zuciyar tsarin ta zo ba ta san na'urar sautin ba.

"Mi yas same ta?" in ji Alhaji.

"Direban sauti ne babu, Baba."

"Direba? Ina yat tahi? Su dai direbobi halinsu guda, ko na tirela ko na cikin akwati. Ranar da kaka buƙata tai ranar za shi ɓace."

Aka yi dariya, ni ma na taya, don na san gyaran. Layi ɗaya ne zan rubuta a baƙin allon umarni, direba ya dawo. Na rubuta, na danna. Sai ta ce: kalmar sirri.

Na dubi maɓallan kwamfutar. Boko zalla. Na san kalmomina sarai, amma ban san wane harafin boko ke zaune a gurbin wane baƙi ba. Komawa gida kuwa ba ta taso ba, don a talabijin malamin Kumasi ya riga ya gyara zama, kuma raɗin suna ba ya jiran kowa. Na yi wa Alhaji bayani a taƙaice, ina fatan ya ce a haƙura.

Bai ce ba. Wani abokinsa ya nemo masa hoton allon maɓallai mai Larabci da boko a waya, ya miƙa masa. Na kai hannu zan karɓa, na ga ba tabarau haruffan kamar ƙwan kwarkwata suke. Alhaji ya gyara nasa gilashin a karan hanci.

"Bari wahal da kanka. Hwaɗi baƙin, in diba maka na bokon."

Jama'a, a nan ne ya kamata in ce na manta. Ƙarya ɗaya, ƙarama, da ta rufa mini asiri. Amma na dubi tsohon nan, ya sa babbar rigarsa ta Salla, idonsa na kan talabijin inda ake nuna jaririn da zai ɗauki sunansa. Na ce a raina, baƙaƙe ne tsirara ba wasali, ɗaya bayan ɗaya, wa zai tsaya haɗawa? Na manta wanda ke zaune a damana, ido rufe, yana jan carbi.

"Ta," na ce a hankali.

"Ɗaga murya, Malam."

"Ta!"

Ya bi hoton da yatsa. "Je."

"Mim jaye."

"El."

"Ba."

"Ef."

"Nun ara."

"Ke."

Liman bai buɗe ido ba. Bakinsa ne kawai ya yi aikin da ya saba tun ina cikin zanen goyo. "Ta da rufu'a, tu. Mim ɗauri, tum. Ba da kisira... tumbin." Ya ja carbi. "Tumbin mi?"

Na sunkuyar da kai kan maɓallan.

"Sin," na ce.

"Tumbin sa!" wani mahauci ya yi tsawa daga bayan falo. "Walle tumbin sa na, bijimi! Alhaji, surukin ga naka ya san sana'ar gida!"

Falo ya ɗauki shewa, har wani ya miƙo mini goro. Ya Rabbi, da a ce alif ne ke biye. Na zauna ina roƙon Allah Ya ɗauke wuta, abin da kullum ake yi ba a roƙa ba. Ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Saura?" in ji Alhaji.

"Ra."

Shewar ta ragu.

"Kaf lasan."

"Wanga ba harahi ba na, waƙafi na mai ɗigo bisa. Danna shi."

"Ya. Nun guda. Alif."

Alhaji ya ba ni Di da Ke da Ec, na danna, na buga babban maɓalli. Ƙofa ta buɗe, rubutu ya fara gudu a baƙin allo, direba na sauka. Ba wanda ya kalli wajen. Kowa Liman yake kallo, shi kuwa ya buɗe ido, yana lissafi da leɓe. Allah Ya saka masa, ya yi ƙoƙarin ceto na.

"To, ai baƙaƙen ga suna ɗaukar karatu biyu," ya ce a natse. "In ka sa rufu'a, surukina. In kuwa ka sa fataha, sarkina. Sai mai rubutu shi hwaɗi wanda yan nuhwa."

Ku dubi zaɓin da aka ajiye mini. Ko in ce tumbin mahaifin matata, ko in ce tumbin sarki, a cikin garin Sakkwato, gaban shaidu. Ina cikin auna wace mutuwar ta fi sauƙi, Alhaji ya ajiye waya, ya cire gilashi, ya sunkuyar da kai ya dubi abin da ake magana a kai, ya shafa shi sau ɗaya. (Na manta ban gaya muku ba: a kara ba mai kiransa da suna, Sarki suke ce masa, laƙabi ne ba naɗi ba.)

"Liman, kak ka wahal da yaro," ya ce. "Ko wane wasali kas sa, ni na."

Daidai nan sauti ya dawo. Muryar malamin Kumasi ta cika falo yana ambaton sunan jariri, sunan da ban taɓa furtawa ba, mutanen can suna jiran su ji kabbara daga Sakkwato. Abin da suka ji shi ne dattawa na birgima a darduma, mahauci na dukan bango, Liman ya cusa rawani a baki kafaɗunsa na rawa. Ɗan Alhaji ya matso da fuska yana tambaya, "Baba, lafiya? Sunan ne bai yi ba?"

"Suna ya yi," in ji Alhaji, yana share ido. Ban sani ba ko hawayen takwara ne ko na dariya. "Allah Shi raya. Allah Shi ba shi tumbi irin na kaka nai."

Aka shafa Fatiha. Ban san ta wace ƙofa na fita ba. Sai a kan kabu-kabu, iska na bugun fuskata, na tuna cewa kwamfutar kanta tana kan intanet, kuma a jone take da talabijin mai faɗin ƙofar zaure. Da na buɗe hoton nan a kanta, da na ga kowane baƙi ƙato kamar tafin hannu, in danna abina ba wanda ya ji. Na gaya wa mai ɗakina wannan da na isa gida, ina neman a tausaya mini. Ta ce labari ya riga ni zuwa, kuma wai in gode wa Allah ba hancinsa na rubuta ba, don shi ne ba ya son a taɓa.

Bayan kwana biyu na tattara ƙarfin hali, na ɗauki jakata na je ba da haƙuri, na ce zan canza kalmar a gabansa.

"A'a, bar ta," ya ce. "Tunda nike ban taɓa riƙe kalmar sirri ba sai wagga."

Har yau tana nan. In kwamfutar ta yi gardama, waya yake bugowa, ko ina gaban ɗalibaina, ya ce, "Malam, taho ka taɓa tumbin."

Abin da na koya kaɗan ne. Ajami ba maɓoya ba ne a garin da kowane tsoho ya yi allo. Yanzu duk kalmar sirrin da zan sa, sai na fara gwada faɗinta da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, ina ƙiyasta surukina a hagu, Liman a dama. Shi ya sa na ƙare a kan salati, kuma ko shi sai na duba ba ya ɗaukar karatu biyu.